Wane Littafi Zan Fara da Shi? Koyon Algoridim ga Mai Tsoron Lissafi

(Kiɗan buɗe shiri. A rage sauti.)

Mutanen Sabon Tasha, Unguwar Boro, Unguwar Pama, Kamazo har zuwa Mararraban Rido, da waɗanda suke kama mu daga Kachia, Zonkwa, Kagoro da Kafanchan, muna gaishe ku, da fatan an wuni lafiya.

Shirin yau na 'yan makaranta ne, da waɗanda suka gama makaranta suna zaune a gida suna koyon rubuta manhajar kwamfuta da kansu, wani da laftof ɗin aro, wani da wayar hannu kawai. Iyaye ma kada su kashe rediyo, domin daga aljihunsu kuɗin littafin zai fito. Tambaya ɗaya ce take yawan zuwa mana daga irin waɗannan matasa: na fara koyon Python, an ce mini sai na san algoridim kafin a ɗauke ni aiki, na buɗe littafin da aka nuna mini sai na ga lissafi ne tun daga shafin farko, shin akwai littafin da zai koya mini abin nan ba tare da ya fasa mini kai ba?

Akwai. Amma kafin na ambaci sunan ko ɗaya, bari mu yi wasa, domin wasan ne zai zama ma'aunin da za ku auna kowane littafi da shi.

Na riƙe wata lamba a zuciyata tsakanin 1 da 100. Kai kuma za ka yi ta cankowa, ni kuwa abin da zan ce maka kawai shi ne "hau sama" ko "sauko ƙasa". Wanda bai san dabara ba zai fara da 1, sai 2, sai 3, in ya yi rashin sa'a sai ya kira lamba 100 kafin ya dace. Mai dabara tsakiya yake faɗawa. Ya ce 50, na ce hau sama. To ka ga da tambaya ɗaya ya zubar da rabin lambobin. Ya ce 75, na ce sauko ƙasa. Yanzu ya san abin yana tsakanin 51 da 74. Ya ce 62, hau sama. Ya ce 68, hau sama. Ya ce 71, hau sama. Saura lambobi uku kacal: 72, 73, 74. Ya faɗa tsakiya, ya ce 73. Ya dace, a tambaya ta shida. Kowace lamba na riƙe, ba zai wuce tambaya bakwai ba.

Wannan da muka yi yanzu algoridim ne: jerin matakai bayyanannu, waɗanda ko wane ne ya bi su zai kai ga amsa, kuma dole su ƙare. Sunan wannan dabarar neman raba-biyu. Ku dubi ƙarfinta. In lambobin 1,000 ne, tambaya 10 ta isa. In miliyan ɗaya ne, 20. 'Yan takarar da suka zana jarrabawar JAMB a 2024 sun kusa miliyan biyu. In an jera lambobinsu daga ƙarami zuwa babba, kwamfuta za ta gano naka da dubawa 21. Ko 'yan Najeriya gaba ɗaya aka jera, mu fiye da miliyan 200, dubawa 28 ta wadatar. Sharaɗin ɗaya ne: sai an jera su tukuna. In a warwatse suke, ba makawa sai an bi ɗaya bayan ɗaya.

To, wane lissafi muka yi? Raba abu biyu, da ƙirga sau nawa muka raba. Wannan "sau nawa zan raba biyu kafin ya rage ɗaya" shi ne logaridim ɗin nan da aka yi ta wahalar da ku da shi a ajin farko na babbar sakandare, da ɗan littafin nan mai tebur na lambobi. A ganina, ba lissafi ne yake korar yawancin yaranmu ba. Alamomin ne, da kuma Turancin da aka naɗe bayanin a ciki.

Littafin da ya fi tsorata mutane sunansa Introduction to Algorithms. Thomas Cormen da Charles Leiserson da Ronald Rivest suka fitar da shi a 1990 a maɗaba'ar MIT ta Amurka, Clifford Stein ya shigo cikinsu a bugu na biyu a 2001, bugu na huɗu kuma ya fito a 2022. Ya haura shafi 1,200. Shi ne malaman jami'a a ko'ina a duniya suke sawa a saman jerin littattafan kwas, don haka ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko na Kaduna Polytechnic in ya tambayi na gaba da shi, sunan da zai fara ji ke nan. Littafi ne mai kyau ƙwarai, kada wani ya ce na kushe shi. Amma miƙa shi ga wanda ya fara jiya kamar miƙa makullin tirela ne ga yaron da yake koyon keke. An rubuta shi ne ga wanda ya riga ya saba da kafa hujjar lissafi, kuma an yi shi don a riƙa komawa ana duba babi, ba don a karanta daga bango zuwa bango ba. In kana da shi, ajiye, ranarsa tana zuwa. Littattafan Donald Knuth, waɗanda na farkonsu ya fito tun 1968, su ma a bar su a kan kanta tukuna.

Wanda nake cewa a fara da shi sunansa Grokking Algorithms, na Aditya Bhargava, wanda kamfanin Manning ya buga a 2016, aka sake shi da ƙari a 2024. Marubucin injiniyan manhaja ne mai son zane, shi ya sa kusan kowane shafi akwai hoton da ya zana da hannu: akwatuna, kibiyoyi, 'yan mutane a layi. Babinsa na farko wannan wasan da muka yi ne. Daga nan ya shiga jera abubuwa, da aikin da yake kiran kansa, da yadda ake adana bayani a same shi nan take, da neman hanya mafi kusa tsakanin wurare. Misalan da Python aka rubuta su, gajeru ne, za ka iya kwafe su a takarda. Bai kai shafi 300 ba a bugun farko. Rauninsa shi ne bai zurfafa ba, kuma aikin gwajin da ke ciki kaɗan ne. Wanda ya gama shi ya san fuskar kowace dabara, amma hannunsa bai faɗa ba tukuna.

Shi ya sa na biyu yake da amfani: A Common-Sense Guide to Data Structures and Algorithms, na Jay Wengrow, wanda ya fara fitowa a 2017, aka faɗaɗa shi a 2020. Abin da nake so da wannan littafi shi ne yadda yake koyar da auna saurin algoridim. Masana suna da wata alama da suke kira babban O, ita ce take fara sa ɗalibi ya rufe littafi. Wengrow bai fara da alamar ba. Cewa yake yi: ƙirga matakai. In abubuwa goma ne, mataki nawa? In ɗari ne fa? In dubu ne fa? Sai ka ga yadda aikin yake kumbura da idonka, sannan ya gaya maka sunan da ake kiran wannan kumburin.

Bari na nuna muku da abin da kowane malamin makaranta ya sani. Malama ta gama gyaran takardun jarrabawar aji mai yara 60, tana so ta jera su daga mai maki mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta don fitar da na ɗaya da na biyu. Hanyar da kowa yake bi: ta duba duka 60 ta zaro mafi girma, ta ajiye, ta duba 59 da suka rage ta zaro mafi girma, haka har su ƙare. In ka ƙirga sau nawa ta gwada takarda da takarda, 1,770 ne. Akwai wata hanya. Ta raba tarin biyu, ta sake raba kowanne biyu, har sai kowane tari ya zama takarda ɗaya. Sannan ta riƙa haɗa tari biyu-biyu, kullum tana duba na saman wannan da na saman wancan, ta ɗauki wanda ya fi. Da wannan, gwadawar ba za ta kai 360 ba. A yara 60 wataƙila ka ce bambancin bai taka kara ya karya ba. To mai da takardun 1,000: hanyar farko 499,500, ta biyu ba ta kai 10,000 ba. John von Neumann ne ya rubuta wa kwamfuta wannan dabara ta raba-ka-haɗa a 1945. Littafin da ya sa ka ɗauki katin wasa takwas ko guntayen takarda ka yi wannan da hannunka a kan tabarma, shi ne littafin da ya dace da mai fara koyo.

(Ɗan kiɗa.)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan littattafan koyon algoridim da ba su cika lissafi ba.

Na uku zai ba ku mamaki, domin Cormen ɗin nan na ƙaton littafi shi ne ya rubuta shi. Sunansa Algorithms Unlocked, ya fito a 2013, shafinsa ɗari biyu da 'yan kai. Ya rubuta matakan da jimloli na yau da kullum maimakon harshen kwamfuta. Sai dai kada na yaudare ku, akwai lissafi a cikinsa, kawai dai ya rage masa ƙarfi. Shi ne gadar da za ka taka in kana so wata rana ka buɗe babban ba tare da gabanka ya faɗi ba. Kada a fara da shi, a zo masa bayan biyun can.

Akwai kuma wanda ba zai koya maka rubuta komai ba, sai dai ya sa ka ƙaunaci fannin: Nine Algorithms That Changed the Future, na John MacCormick, 2012. Ya bayyana yadda Google yake zaɓen shafin da zai fara nuna maka, da yadda lambar katinka take wucewa ta intanet ba tare da ɓarawo ya karanta ba, da yadda ake matse babban fayil ya koma ƙarami. Uban da yake son sanin abin da 'yarsa take yi a gaban kwamfuta har tsakar dare, in yana jin Turanci, wannan ne nasa.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na san ita ce take cin zuciyar kowa. Waɗannan littattafai da dala ake sayar da su, kuma ba kasafai za ka shiga shagon littattafai a Sabon Tasha ko a Kafanchan ka tarar da su a kan kanta ba. Abin da ya cika shagunanmu littattafan firamare da sakandare ne da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, domin su ne suke tafiya. Na san kuma yadda ake yi, ana tura kwafin sata ta WhatsApp. Ba zan ce ku yi ba, haƙƙin wani ne. Kuma ba dole ba ne, tunda akwai waɗanda masu su da kansu suka sake su kyauta.

Brad Miller da David Ranum, waɗanda suka koyar a Kwalejin Luther ta jihar Iowa a Amurka, sun sa littafinsu mai suna Problem Solving with Algorithms and Data Structures using Python a dandalin Runestone, kowa ya karanta ba ko kwabo, har za ka iya gwada misalan a cikin shafin. Khan Academy tana da darasin algoridim da aka shirya tare da Cormen da abokin aikinsa Devin Balkcom, shi ma kyauta. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard yana YouTube, inda malamin, David Malan, ya shahara da yaga littafin lambobin waya gida biyu a gaban ɗalibai don nuna neman raba-biyu. Sai dai bidiyo yana shan data, a sauke shi lokacin da aka samu garaɓasar dare. Malaman firamare da na ƙaramar sakandare kuwa, musamman ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da za su fita koyarwa a makarantun da ko soket babu, ku nemi CS Unplugged. Tim Bell da Ian Witten da Mike Fellows suka faro shi, cibiyarsa tana Jami'ar Canterbury a New Zealand. Dukan darussansa da kati da alli da yara a tsaye a fili ake yin su, babu kwamfuta ko ɗaya.

Gargaɗi ɗaya a nan: ba kowane na kyauta ne mai sauƙi ba. Littafin Jeff Erickson mai suna Algorithms, wanda ya fito a 2019, kyauta ne kuma ya yi fice, amma na 'yan manyan azuzuwa ne a jami'a. Kada ka sauke shi ka ce kai ne ba ka da ƙwaƙwalwa.

In kuwa ku huɗu ko biyar ne a unguwa ɗaya kuke koyo, ku yi karo-karo ku sayi Grokking guda ɗaya na takarda, ya riƙa kwana gida-gida. Littafin takarda ba ruwansa da ɗauke wuta. Ku kuma riƙa leƙa wuraren da masu wannan sana'a suke taruwa, irin CoLab da ke Barnawa, ko cikin waɗanda suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. A irin wuraren nan ne ake samun wanda ya riga ka karanta littafin, ya ba ka aro ko ya warware maka inda ka maƙale.

Wata ɗaliba ta taɓa tare ni bayan wani taro, ta ce, "Baba, to ke nan zan iya zama gwana ba tare da na taɓa lissafi ba?" Na ce mata, "'Yata, a'a. Za ki iya farawa ba tare da shi ba, za ki iya yin nisa ma. Amma akwai inda zai tare ki, kuma gara ki san wurin tun yanzu."

Ga wurin. Kwandastan bas zai ba fasinja canjin naira 380. Me yake yi? Ya zaro takarda mafi girma da ba ta wuce kuɗin ba: 200. Saura 180, ya zaro 100. Saura 80, ya zaro 50. Sai 20, sai 10. Takarda biyar, an gama, kuma babu hanyar da ta fi wannan ƙarancin takardu. Wannan ma algoridim ne, masana suna kiransa mai haɗama, domin kullum babban rabo yake fara cafka. Ka gwada shi sau ɗari ya yi aiki, sai ka rantse ba ya kuskure. To yau kwandasta ya wayi gari ba shi da 'yar naira 10 ko 5, kamar yadda aka saba yanzu, sai 50 da 20. Canjin naira 60 zai bayar. Haɗama ta ce ya zaro 50. Saura 10, babu. Ya tsaya cik, fasinja yana zagi. Alhali da ya ba da 20 sau uku da an rabu lafiya. Dabarar da ta yi daidai jiya ta faɗi yau, don kawai takardun da ke hannu sun canza.

Ta yaya za ka san lokacin da dabara za ta yi aiki kullum, da lokacin da za ta ci amanarka? Gwaji ba ya isa, domin ba za ka iya gwada kowane hali ba. Sai hujja. Waɗancan shafuka masu alamomi da suka kore ka daga babban littafi, aikin da suke yi ke nan: tabbatar da cewa matakan ba za su taɓa kai ka rami ba. Wanda ya taɓa ganin dabararsa ta faɗi a kan canjin naira 60, in ya koma wa shafukan nan zai karanta su da yunwa, domin yanzu ya san tambayar da suke amsawa. Kuma kada ku ɗauka ƙananan dabaru ba sa kayar da manya. A 2006 Joshua Bloch, injiniya a Google a lokacin, ya bayyana cewa neman raba-biyun da shi da kansa ya rubuta a cikin harshen Java ya shekara kusan tara da kuskure a ciki ba wanda ya lura, sai da jerin ya yi girma ƙwarai sannan ya fito fili.

Haka abin yake da neman hanya. Mai mota daga Sabon Tasha zuwa Kafanchan in ya kai Kachia yana da zaɓi, ya bi ta Zonkwa ko ya bi ta Kwoi. Dabarar da Edsger Dijkstra ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙiro a 1956, ya buga a 1959, ita ce tushen yadda taswirar waya take zaɓa maka hanya. Zana garuruwan a takarda, ja layi tsakaninsu, rubuta lamba a kan kowane layi, ko ta nisa, ko ta kuɗin mota, ko ta mintocin da ramuka da shingayen bincike suke ci. Grokking zai nuna maka yadda za ka bi ta da fensir har ka fitar da hanya mafi sauƙi, zai kuma gaya maka cewa dabarar tana rikicewa in wata lamba ta yi ƙasa da sifili. Cikakkiyar hujjar dalilin da ya sa take yin daidai in babu irin wannan lamba, sai a babban littafi.

Saboda haka in ka samu littafi a hannu, ko a shago ko a waya, kada ka tsaya karanta bangonsa. Buɗe babin neman raba-biyu kai tsaye, tunda yanzu ka san dabarar. Karanta shafi uku. In ka ga misali da lambobi na gaske kafin alamomi, kuma za ka iya rufe littafin ka maimaita matakan a takarda, to naka ne. In alamomi ne suka fara tarbarka, ajiye shi zuwa baɗi. In kuma Turancin ne ya yi maka nauyi, ba matakan ba, to ƙamus kake bukata da abokin karatu, ba wani littafin ba. Karanta babi ɗaya, ka bayyana wa ƙaninka da Hausa ko da harshenku na gida, na Atyap ne, na Bajju ne, na Gbagyi ne ko na Ham. Inda bakinka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba, koma can.

Wanda ba shi da laftof kada ya ce an bar shi a baya. Fara da littafin rubutu mai layi da fensir: zana akwatuna, sa lambobi, bi matakan ɗaya-ɗaya kamar kai ne kwamfutar. Bayan haka ka rubuta shi a waya, akwai manhajoji irin Pydroid da suke gudanar da Python a Android ko babu data.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Yanka takarda gida takwas, rubuta waɗannan lambobi: 41, 7, 93, 18, 65, 2, 77, 30. Jera su daga ƙarami zuwa babba ta hanyar farko ta malama, kana ƙirga sau nawa ka gwada biyu. Sake watsa su yadda suke, ka jera ta hanyar raba-ka-haɗa, ka sake ƙirgawa. Ku turo mana lambobin biyu da kuka samu, za mu karanta amsoshin a farkon shiri na gaba, inda za mu ɗauki maganar aikin da yake kiran kansa.



(Kiɗan rufe shiri.)